Muryar Yayan Zakiyya

Shafi na 11

Assalamu alaikum. Masu aiko mini saƙo cewa na yi shiru, na gani, ban manta da ku ba. Shafin nan ne ya ƙi rubutuwa. Sai in fara, in ajiye wayar, in je in wanke fuska. Yau dai ga shi yadda na iya.

*

Tun ranar Talatar da Maimuna ta ji shirin nan a rediyo, abinci bai sake zama mata a ciki ba.

Muryar surukarta ce, marigayiya Ige, tana ba da labarin yadda matan Argungu ke banda kifi su kai kasuwar Jega tun kafin a yi kwalta. Wannan hirar kuwa ɗan Maimuna na fari, Izzuddeen, shi ya ɗauke ta da kakarsa lokacin yana ajin ƙarshe a jami'a, yana karatun tarihi.

Amma muryar da ke yi wa tsohuwa tambaya a rediyo ba tasa ba ce.

Ta Abdussamadu ce. Ɗan yayanta, wanda uwarsa ta rasu yana jariri, Maimuna ta haɗa shi da nata ta shayar da su tare. Shi ma tarihi ya karanta a jami'ar.

Shi ne kuma ya kawo mata jakar Izzuddeen daga asibiti ranar da mota ta buge shi a Ambursa. Yana kuka, ya ce 'yar rikodar da yake aiki da ita ta niƙe a titi, ko ɓurɓushinta ba a tsinta ba.

Ranar Alhamis da hantsi ta sa hijabinta ta leƙa gidan Felix mai gyaran firji, maƙwabcinsu a unguwar Badariya, Birnin Kebbi. 'Yarsa Shekinah ajinsu ɗaya da Izzuddeen a jami'a tun daga shekarar farko har ta ƙarshe. Yanzu tana koyarwa a wata sakandare.

“Shekinah, raka ni Argungu.”

Yarinyar ba ta tambayi dalili ba. Ita ma ta ji shirin. Ta ɗauki gyalenta kawai ta ce wa uwarta a aika makaranta ba ta zuwa.

A tasha suka samu baya, aka matse su da wata mata mai buhun albasa a cinya. Mota ta ɗauki hanya. Maimuna ta daɗe tana kallon bayan kujerar direba kafin ta yi magana.

“Yayan Zakiyya... shina da surutu a aji?”

Haka take kiran Izzuddeen, da sunan ƙanwarsa Zakiyya. Kun san halinmu da ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa masa suna ba ta taɓa furta shi ba. Ba ta goya shi a gaban mutane ba, ba ta zauna hira da shi ba. Da aka yaye shi ma Ige ta ɗauke shi ta tafi da shi Argungu, can ya yi firamare, sai da zai shiga sakandare ya dawo Birnin Kebbi. Tsakaninsa da uwarsa “Ina kwana, Inna,” da “Na tafi,” da “Na dawo.”

Shekinah ta yi 'yar dariya, idonta ya kawo ruwa.

“Izzu? Mama, sai malami ya roƙe shi ya yi shiru. In anka ce yaƙi kaza an yi shi shekara kaza, sai ya ɗaga hannu ya ce, wa yaf faɗi? Wa yag gani? Har suna anka sa mishi, Wa-Yaf-Faɗi.”

“Shi ɗin?”

“Shi hwa. Ga ba'a. In ya kwaikwayi tafiyar shugaban sashenmu sai kin riƙe ciki.”

Maimuna ta yi mamaki. A gida ko tari zai yi sai ya fita zaure.

Shekinah ta ce, “Kin san sau biyu ya rubuta jarrabawar shiga jami'a?”

“Zakiyya ta ce min wai sunanshi na bai hito ba.”

“Ci ya yi, Mama. Lauya anka ba shi, ya ƙi zuwa. Ya tahi Argungu ya yi shekara yana noman albasa da kawunshi, ya sake rubutawa don a ba shi tarihi. Kowa dariya yake mishi. Wa ke barin lauya ya bi labarin matattu?”

Wannan ma ba ta sani ba. Mahaifinsa, Malam Zulkifli, ya rasu yaron yana sakandare, bayansa kuma babu wanda ke kawo mata labari sai Zakiyya, ita ma abin da ta ga dama.

“Da munka kai ajin ƙarshe kowa ya ɗauki tarihin sarakuna, don littattahai na nan sai kwahe. Shi yac ce a'a, matan da ke banda kihi yaka so. Malaminmu ya ce babu abin karantawa a kansu. Yac ce to shi zai je ya tambaye su. Ni nika shiga gidajen da namiji ba ya shiga in ɗauko mishi hira, shi kuma ya zauna da Kaka Ige. Malamai har sun hwara maganar in ya gama bautar ƙasa su riƙe shi.”

Direba ya rage gudu. Shinkafar rani ta yi kore shar a fadama, 'yan kabu-kabu sun jeru bakin titi suna jiran fasinjan birni.

Ambursa.

Maimuna ta ja hijabi ta rufe fuskarta. Shekinah ta kama hannunta ta ƙasan buhun albasar nan ta riƙe, ba ta saki ba sai da garin ya wuce.

Ranar da aka kawo gawarsa mata sun yi ta kuka a tsakar gida, ita tana zaune a ɗaki idonta a bushe, tsofaffi suna yaba mata kunya da dauriya. Ba wanda ya san tana jin kamar ana tafasa mata ruwa a ƙirji. Daga baya ta nemi wayar Zakiyya ko akwai saƙon murya da ya taɓa aiko mata. Wayar ta faɗa rijiya tun da damina. Tasa kuwa ta fashe a wurin. Hotuna akwai. Murya babu.

*

Wurin aikin Abdussamadu wani gidan haya ne bayan kasuwa, wani dattijo tsohon malamin tarihi, Malam Nu'uman, ya mai da shi cibiyar tara labaran tsofaffi. Ƙamshin bandar kifi har cikin zauren.

Abdussamadu ya taso da sauri da ya gan su. Shadda ta sha guga, katin aiki a wuya.

Ya durƙusa har ƙasa.

“Inna. Ke da kanki? Ai da kin aiko in zo. Lahiya dai?”

“Lahiya lau, Samadu.”

Shi kam sunansa ba ya yi mata nauyi. Duk abin da ta kasa yi wa nata, a kansa ta sauke. Shi take ja wa kunne, shi take ɓoye wa tsokar nama a ƙasan tuwo, shi take tsaya wa a ƙofa in ya yi yamma bai dawo ba.

Ya ja mata kujera, ya kalli Shekinah ya ɗauke kai.

“Bari in sa a kawo muku ruwa mai sanyi.”

“Zauna.”

Ya zauna a bakin teburi.

A nan idonta ya sauka a kan abin. Gefen kwamfuta, ƙarƙashin wata hula, bakin wata 'yar jaka ya leƙo. Atamfa mai ganye shuɗi, da zaren zuge ja.

Ragowar atamfar Sallar Zakiyya ce. Ita ta ɗinka da hannunta lokacin da ta ga yana cusa rikodar a aljihu tare da makullin babur. Ta ba Zakiyya ta ce, kai wa yayanki, ki ce ke kika yi.

Ta miƙa hannu ta janye hular. Ta ɗauki jakar. Da nauyi a ciki.

Ta zuge zaren ta zazzage a tafin hannunta.

Baƙar rikoda, ko ƙwarzane babu.

“Wagga ita ta niƙe a titi?”



“Inna, irinta ta. Suna da yawa a kasuwa.”

“Jakar ma suna da yawa a kasuwa?”

Ta ɗaga masa jakar.

“Duba ɗinkin. Nan bakin zare ya ƙare min nis sa baƙi. Duba mana, Samadu.”

Bai duba ba. Ƙasa yake kallo.

Shekinah ta kasa haƙuri.

“Kai ko kunya. Da hannuna na sa wa abin ga batir ya hi sau nawa. Ni ma kac ce min ta niƙe, har nay yi kuka a gabanka.”

“Ke ba da ke nike ba. Maganar gida ta.”

“Gidan da kaka shiga ka ci ka sha, ka hito da kayan mamaci a aljihu?”

Maimuna ta ɗaga mata hannu. Shekinah ta ja baya tana huci.

“Ban zo hwaɗa ba,” in ji Maimuna. “Ba ni son aikinka, ba ni son takardarka. Abu guda niz zo karɓa. Ka sa min hirar yadda take. Da muryar mai ita.”

Ya shafa kansa. Ya tashi ya tura ƙofar ofis ɗin ya dawo, ya rage murya.

“Inna, ki saurare ni. Kin san na maimaita shekara. Sau biyu ana watsa min abin da nika son rubutawa. Da na sake hwaɗuwa korata za a yi. Ga aikin Izzu a jaka, ya gama komi, rubutawa kawai ta rage. Malamin da ke duba shi ya bar makarantar. In na kawo miki, mi za ki yi da shi? Sai ya ruɓe a ƙarƙashin gado. Ni na raya shi. Yanzu duk jihar ga an ji Kaka Ige.”

“An ji ta. Da wa taka magana?”

“Ba a karɓar hirar da ba kai ka yi ba. Doka ta. Dole muryar ɗalibi ta hito.”

“Sai ka yi yaya?”



“Nakan sa abin ji a kunne, in saurari tambayar da yay yi, in maimaita ta a waya. Sannan in yanke tashi a kwamfuta in dasa tawa. Amsar Kaka ban taɓa ba. Tambayoyin ma nashi na, kalma kalma.”

Maimuna ta daɗe tana kallonsa. Bakin nan da ta goge wa nono da gefen zaninta.

“Ba kalma kalma ba ta.”

“Wallahi, Inna.”

“Kar ka rantse. Na ji shirin da kunnena. Ka tambayi tsohuwa kwando nawa jaki ke ɗauka, sai ta ƙyalƙyale da dariya har tana tari, tana cewa kai angona, Allah ya shirye ka. Mi ke da dariya a kwando?”

Ta ci gaba.

“Can gaba ka ce mata, Hajiya, da wane ice ake banda. Ige ba ta taɓa zuwa Makka ba, wanda duk ya ce mata Hajiya zaginshi take. Amma sai ga ta tana dariya, tana cewa bari in tashi in kama ka. Wa za ta kama? Kai da ko gaisuwa ka je, daga ƙohwa kake tsayawa?”

“Wasannin na cire. Ba su dace da aikin ilimi ba.”

“To su nika so.”

“Inna...”

“Mi yac ce mata? Abin da ya ba ta dariyar nan. Ni ban taɓa jin ya yi ba'a ba. Yau a mota nij ji wai ya iya. Sa min in ji, in tashi in ba ka wuri. Ba wanda zai ji daga bakina.”

Ya juya mata baya yana kallon taga.

“Babu su.”

“Babu su ina?”

“Na goge. Da na gama haɗawa na goge na asalin, a katin da a kwamfutar. Tsoro niy yi kar wani ya gani.”

Shekinah ta dafe kai ta zauna a kan wani kwali.

Maimuna ba ta motsa ba. Rikodar na hannunta, ta ji ta yi sanyi kamar dutsen rijiya. Mota ta kashe shi sau ɗaya a Ambursa, wannan kuma ya zauna a ɗaki da fanka, ya bi shi tambaya bayan tambaya yana cirewa.

“Kana jin shi a kunnenka,” ta ce a hankali, “yana magana, yana dariya, kana yankewa.”

“Ban da zaɓi.”

“Hannunka bai yi rawa ba?”

Nan ya juyo. Idonsa ya yi ja. Ta san wannan fuskar tun yana yaro, in an kama shi da laifi ba ya ba da haƙuri, cizo yake.

“Inna, yanzu ne muryarshi ta yi miki daɗi? Da yana raye hwa? Sau nawa yana tsayawa a ƙohwar ɗakinki da takardar sakamako a hannu, ki ce ya kai wa Zakiyya ta karanta? Ni kike kira ki tambayi jarrabawata, shi yana tsakar gida yana ji. Muryar da ba ki saurara ba tana gidanki, ita kika biyo har Argungu?”

Shekinah ta miƙe.

“Abdussamadu, ka ji tsoron Allah.”

Maimuna ta ji ɗakin ya juya. Ta dafa teburi. Abin da ya fi ciwo, bai yi ƙarya ba. Kuma da abin da ta ba shi ya sare ta.

Ba ta san an buɗe ƙofa ba sai da ta ji sallama.

Dattijo ne dogo, farin gemu, tabarau a goshi. Malam Nu'uman. Hayaniyar ta iske shi a ɗakin da ke kusa.

“Abdussamadu, baƙi ka yi? Sannunku da zuwa. Baiwar Allah, lafiya na ga kin dafa teburi?”

“Gwaggona ta, Malam,” in ji Abdussamadu da sauri. “Maganar gida ta, yanzu za su tahi.”

Gwaggo. Yau ta koma gwaggo.

Shekinah ta gaishe da dattijon ta ce, “Malam, ba maganar gida ba ta. Hirarrakin da kunka ɗauke shi aiki saboda su, waɗanda ake sawa a rediyo, ba shi ya ɗauke su ba. Wani ɗalibi na, ɗan ajinmu, jikan tsohuwar. Ya rasu. Wagga ita ta haife shi.”

Malam Nu'uman ya sauko da tabaransa kan hanci. Ya kalli Abdussamadu, ya kalli rikodar da ke hannun Maimuna, ya ja kujera ya zauna.

“Wannan magana babba ce, 'yata. Wata mai zuwa zan tura yaron nan taron masana ya gabatar da aikin, da sunan wurin nan da nawa. Wane ɗalibi ne? Mene ne sunansa?”

Shekinah ta buɗe baki za ta amsa. Haka aka saba. A asibiti, a makaranta, a wurin zaman makoki, kullum wani ke faɗin sunan a madadinta.

Maimuna ta dafa hannunta.

“Bari.”

Ta ɗago kai. Harshenta ya yi nauyi kamar ba nata ba. Sunan nan ta sha faɗinsa a zuci, a sujada, da lokacin da take kwashe masa tuwo, amma bai taɓa tsallake haƙoranta ba.

“Izzuddeen.”

Ya fito a shaƙe. Ta sake, don ta ji da kunnenta.

“Izzuddeen Zulkifli. Ɗana na. Ni na haife shi.”

Sai ga hawayen da suka ƙi zuwa ranar jana'iza. Ba ta share ba, ba ta rufe fuska ba.

Dattijon ya ja gemunsa.

“Izzuddeen,” ya maimaita. “Na san sunan nan. Na gan shi a shafin godiya na aikinka.” Ya juya ga Abdussamadu. “Ba shi ne ka rubuta kana yi wa addu'a ba, ɗan kabu-kabun da ke kawo ka Argungu a babur?”

Shekinah ta ce, “Yesu,” a hankali, ta toshe bakinta.

Maimuna ta juya ta dubi yaron da ta shayar.

“Ɗan kabu-kabu.”

“Inna, ba haka nika nuhi ba. Na so dai sunanshi ya hito a wani wuri.”

“Ya hito.”

Ta mayar da rikodar cikin jakarta za ta zuge. Ba ta da sauran abin yi a ɗakin nan. Ko ba komai ta koma da ɗinkinta.

“Mama, tsaya,” in ji Shekinah. “Ba ni ita.”

Ta karɓa, ta juya ta, ta danna gefe. Ɗan gilashin ya kawo haske.

“Kac ce ka goge na kati da na kwamfuta.”

Abdussamadu ya ɗago.

“Ranar da munka hwara zuwa ba mu da kati. Izzu ya manta bai saya ba, sai da munka iso niy yi ta mishi tsiya. A cikin rikodar kanta ya ɗauki hirar ranar. Ni ban ma zauna ba, na tahi gidan wata mata, na bar shi da Kaka.”

Tana magana tana dannawa. Sai yatsanta ya tsaya.

“Ga ta nan. Guda ɗaya.”

Abdussamadu ya yi tsalle ɗaya ya kai hannu. Malam Nu'uman ya tare shi da sandarsa a ƙirji, bai ko ɗaga murya ba.

“Koma ka zauna.”

Bai zauna ba. Ya zube a gaban Maimuna ya kama gefen hijabinta.

“Inna, kar ki ji wagga. Don girman Allah.”

“Ashe ka san da ita.”

“Na sani.”

“Kac ce babu.”

“Ita kaɗai na kasa gogewa. Na ɗora yatsa ya hi a ƙirga, na kasa. Amma ba ta kihi ba ta, Inna. Babu tarihi a ciki. Ban sa ta a aikin ba, ban bari kowa ya ji ba.”

“Ta mi ta?”

Ya sunkuyar da kai.

“Taki ta. A kanki yay yi magana. In kin ji ba za ki sake barci ba. Ki tsine min, ki sa a kore ni, na yarda. Amma ki bar ta.”

 Daga waje ana jiyo mai tallan kankana da ƙarar injin niƙa.

Maimuna ta kalli baƙin abin nan a hannun Shekinah. Ɗan ƙarami, bai kai tafin hannu ba. Ta tuna shi tsaye a ƙofar ɗakinta da takarda a hannu, inuwarsa a kan labule, ita tana ciki tana jin numfashinsa, tana so ta ce shigo, kunya ta hana ta.

Wataƙila ya ce ba ta son shi. Wataƙila da wannan ya tafi.

Malam Nu'uman ya ce, “Baiwar Allah, in kina so mu fita mu ba ki wuri. In kuma kina so ki tafi da ita gida ki yi shawara, taki ce, ba mai hana ki.”

Ta girgiza kai.

“Na daɗe ina jin shi ta bayan labule. Ku zauna.”

Ta zare hijabinta daga hannun Abdussamadu.

“Kai ma zauna. Ka ji shi da kyau, yau ba ka da abin yankewa.”

Ta share fuska da bayan hannu ta gyara zama.

“Kunna, Shekinah.”

Yarinyar ta ɗora rikodar a kan teburi ta danna.

Da farko shuuu kawai. Sai kukan zakara. Sai ƙarar tabarma ana ja, da tarin Ige, wannan busasshen tarin nata na hayaƙin banda.

“To angona, ka kunna abin naka? Matso mana, ka zauna nesa awa baƙo.”

Sai wani ya yi dariya. Dariya mai faɗi, sakakkiya, irin ta mahaifinsa. Maimuna ba ta taɓa jin ta ba, amma ko a cikin kasuwa ta ji ta za ta waiga.

Ta damƙe bakin teburi.

Dariyar ta tsaya. Aka ja numfashi.

“Kaka, yau ba maganar kihi za mu yi ba. Tambaya gare ni a kan Innata, kuma don Allah ki hwaɗa min gaskiya.”